Gadon Daji: Tarihin Kasuwancin Katako na Zuriyar Weyerhaeuser a Amurka, 1860 zuwa 2016

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin kasuwancin katako na zuriyar Weyerhaeuser a ƙasar Amurka, tun daga injin tsaga katako da kakansu ya saya a 1860 har zuwa 2016, lokacin da kamfaninsu ya haɗe da kamfanin Plum Creek. Manufarta ita ce gano abin da ya sa wannan sana'a ta rayu a hannun iyali ɗaya daga uba zuwa tattaɓa-kunne, a fagen da akasarin 'yan kasuwa kan sare daji su ƙara gaba. Maƙalar ta gano cewa abubuwa biyu ne suka riƙe dukiyar: barin daji a dunƙule tare da raba hannun jari kawai tsakanin magada, da kuma daidaita lissafin riba da tsawon rayuwar bishiya. Ta kuma nuna cewa wannan tsari shi ne daga baya ya sa kamfanin ya iya tafiya ba tare da iyalin ba.

Muhimman kalmomi: katako, gado, kasuwancin iyali, gandun daji, hannun jari.

1.0 Gabatarwa

Manomin hatsi yana shuka da damina ya girbe da kaka. Mai dasa itacen katako ba haka lissafinsa yake ba. Bishiyar Douglas fir, wadda ita ce ginshiƙin katakon arewa maso yammacin Amurka, takan ɗauki shekara 40 zuwa 50 kafin ta isa sara. Mutumin da ya dasa ta yana da shekara arba'in, da wuya ya ga ranar da za ta shiga bakin zarto. Saboda haka maganar gado tana tsakiyar wannan sana'a: wa zai riƙe ƙasar, ya biya harajinta, ya kare ta daga gobara, har lokacin girbi ya zo?

An yi rubuce-rubuce masu zurfi a kan wannan iyali. Ralph Hidy da Frank Ernest Hill da Allan Nevins sun wallafa tarihin kamfanin a 1963 cikin littafinsu Timber and Men, shi kuma Charles Twining ya rubuta tarihin rayuwar Phil Weyerhaeuser da na George S. Long. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan tambaya ɗaya: yaya dukiya da iko suka riƙa sauya hannu, kuma me kowane zamani ya ƙara a kan abin da ya tarar?

2.0 Tushen Arziki: Frederick da Kogin Misisipi

An haifi Frederick Weyerhaeuser a 1834 a ƙauyen Nieder-Saulheim na ƙasar Jamus, cikin iyalin manoma. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1852, ya zauna na ɗan lokaci a jihar Pennsylvania, sannan a 1856 ya isa Rock Island ta jihar Illinois, a bakin kogin Misisipi. A can ya kama aikin ƙwadago a wani injin tsaga katako. Karayar tattalin arziki ta 1857 ta durƙusar da masu injin, kuma a 1860 shi da Frederick Denkmann, wanda matansu ya da ƙanwa ne, suka haɗa kuɗi suka saye shi. Tun daga ranar farko ke nan, zumunci da jari tare suka tashi. Denkmann ya riƙe injin domin shi gwanin ƙarfe ne, Frederick kuma ya shiga daji neman itace da masu saye.

Yana da kyau a dubi yadda aikin yake a wancan zamani. Da hunturu ake sara a dazuzzukan Wisconsin, lokacin da ƙasa ta daskare, domin a nan ne dawakai ke iya jan gumagumai a kan ƙanƙara zuwa bakin rafi. Kowane gungume sai an buga masa tambarin mai shi a goshi da guduma. Idan bazara ta zo ƙanƙara ta narke, sai a tura su ruwa, ma'aikata na bin su da dogayen sanduna masu ƙugiya, suna taka gungumen da ke juyawa a ƙarƙashin ƙafarsu. Wanda ya zame tsakanin gumagumai biyu, sau da yawa sai dai gawarsa. A wani reshen kogin Chippewa da ake kira Beef Slough ake tare su, a tantance na wane da na wane, a ɗaure su kamar gado mai faɗi, jirgin ruwa ya tura su zuwa injinan da ke ƙasa.

Wannan tantancewa ita ce tushen rigima tsakanin masu injinan Misisipi da na garin Eau Claire, domin kogi ɗaya suke amfani da shi. A 1872 aka zaɓi Frederick shugaban Mississippi River Logging Company, wata haɗakar masu injina. Ambaliyar 1880 ta kwashe gumaguman mutanen Eau Claire ta kai su hannun abokan hamayyarsu. Maimakon ya ci da gumin masifarsu, Frederick ya nemi sulhu, aka kafa tsarin da ake zuba itacen kowa wuri ɗaya, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba ba tare da neman ainihin gungumensa ba. Darasin da ya koya a bakin wannan kogi, wato a bar kaya a dunƙule a raba lissafi, shi ne ya zama dabarar gadon iyalinsa.

Amma wannan zamani yana da tabonsa. Salon aikin shi ne a sare a tashi. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, manyan dazuzzukan farar fayin na Wisconsin da Minnesota sun kama hanyar ƙarewa, aka bar kututture da busassun rassa da ke jiran wuta. Kamfanonin Frederick suna cikin manyan waɗanda suka yi wannan aiki.

3.0 Cinikin 1900

A 1891 Frederick ya koma birnin St. Paul na jihar Minnesota, inda ya zama maƙwabcin James J. Hill, attajirin jiragen ƙasa, a titin Summit Avenue. Hill yana da ƙarfin faɗa a ji a kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, wanda gwamnatin Amurka ta ba miliyoyin eka a 1864 domin ya shimfiɗa layin dogo zuwa gaɓar tekun Fasifik. Kamfanin na neman kuɗi, Frederick na neman daji. A watan Janairun 1900 aka ƙulla ciniki: eka 900,000 a jihar Washington, kowace eka dala 6, jimilla dala miliyan 5.4. An biya miliyan 3 nan take, saura kuma kashi-kashi.

Kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Frederick ya tattaro tsofaffin abokan hulɗarsa na kogi, irin su iyalan Denkmann, da Laird da Norton na garin Winona, da Musser na garin Muscatine, aka kafa Weyerhaeuser Timber Company mai hedikwata a Tacoma. A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, babu wanda aka yanka wa yankin daji aka ce nasa ne. Kowa takardar hannun jari ya riƙe. Idan mai jari ya mutu, takardar ake rabawa tsakanin magada, daji yana nan yadda yake. Na biyu, ba ɗan gida aka ba ragamar aikin yau da kullum ba. George S. Long, ƙwararren ma'aikacin katako daga Wisconsin, shi ya riƙe muƙamin babban manaja kusan shekara 30.

Adalcin tarihi ya wajabta a faɗi asalin wannan ƙasa. Kafin ta shiga hannun kamfanin jirgi, mazaunin ƙabilun asali ce, waɗanda yarjejeniyoyin tsakiyar shekarun 1850 suka raba da mafi yawan ƙasarsu. Arahar dala 6 ta samu ne domin an riga an karɓe ƙasar daga masu ita, aka bayar da ita kyauta ga wanda ya sayar.

4.0 Zamanin 'Ya'ya: Rabon Aiki Ba Rabon Daji Ba

Frederick da matarsa Sarah Elizabeth Bloedel sun haifi 'ya'ya bakwai, huɗu maza. Tun yana raye ya watsa su a sassan kasuwancin. Charles ya kula da injin Little Falls a Minnesota tare da wani ɗan gidan Musser, daga baya ya shugabanci kamfanin Potlatch da aka kafa a jihar Idaho a 1903. Rudolph ya riƙe ayyukan garin Cloquet, wanda gobarar Oktoban 1918 ta ƙone ƙurmus. Autansu, Frederick Edward, ya zauna a ofishin St. Paul yana kula da kuɗi. Babbansu, John Philip, shi ya gaji kujerar shugabancin kamfanin Tacoma bayan rasuwar mahaifinsu a 1914. Kowane ɗa ya samu fagensa, don haka ba a taru a kan kujera ɗaya ana ja-in-ja ba.

A shekarun farko kamfanin bai yi gaggawar sara ba. Ya fi mayar da hankali ga sayen ƙarin daji da riƙe shi, ko da yake ya mallaki inji a garin Everett tun farkon ƙarnin. Riƙon daji kuwa yana da maƙiya biyu, wuta da haraji. Gobarar Yacolt ta 1902 ta cinye dubban ekoki a kudancin Washington, har da na kamfanin. Wannan ne ya sa Long ya shiga gaba wajen kafa ƙungiyar masu daji ta yaƙi da gobara a jihar a 1908, kuma dokar tarayya ta Clarke-McNary ta 1924 ta ƙarfafa irin wannan haɗin gwiwa. Shi kuwa haraji, duk shekara ake ɗora shi a kan bishiyar da ke tsaye, don haka mai daji yana ganin gara ya sare ya bar wa hukuma fili. Sai da aka fara sauya dokokin haraji a wajajen 1930, aka jinkirta wani kaso zuwa lokacin sara, sannan dashe ya fara zama abin da ɗan kasuwa zai iya lissafawa. Haƙurin da ake yaba wa iyalin, doka ce ta share masa hanya.

Su kuwa masu riƙe da gatari, rayuwarsu daban ce. A sansanonin daji ana aikin awa goma, ana kwana a cunkushe, abinci ba daɗi, haɗari kullum. Yajin aikin 1917 ya girgiza masana'antar yankin baki ɗaya, kuma sai a Maris 1918, da sa bakin sojojin Amurka masu buƙatar katakon jirgin sama na yaƙi, aka amince da aikin awa takwas.

5.0 Zamanin Jikoki: Daji Ya Zama Gona

John Philip Weyerhaeuser ƙarami, wanda aka fi sani da Phil, ya zo Tacoma a 1933 a tsakiyar babbar karayar tattalin arzikin duniya. Kamfanin ya riga ya buɗe katafaren inji a Longview a 1929, ya ƙara masa masana'antar ɓargon takarda a 1931, wadda ke cin irin itacen da a da ake zubarwa. A ƙarƙashin Phil, a 1937, kamfanin ya fara yaɗa ra'ayin cewa katako amfanin gona ne kamar kowane. A 1941 aka ƙaddamar da gonar bishiya ta Clemons kusa da garin Montesano, mai faɗin eka kimanin 120,000, wadda ita ce ta farko da aka yi wa rajista da wannan suna a Amurka. An gina hanyoyi da hasumiyoyin hangen wuta, aka fara dasa filin da aka sare. Phil ya zama shugaban kamfani a 1947, ya rasu a 1956, bai ga girbin abin da aka dasa ba.

Wannan zamani ya kuma nuna wa iyalin tsadar suna. Ranar 24 ga Mayun 1935, 'yan kwanaki bayan rasuwar John Philip, mahaifin Phil, aka sace George, ɗan Phil mai shekara tara, a hanyarsa ta komawa gida daga makaranta a Tacoma. An biya fansar dala 200,000, aka sako shi ranar 1 ga Yuni, daga baya kuma aka kama waɗanda suka sace shi. Shekaru bayan haka, da ɗaya daga cikinsu ya fito daga kurkuku, George ya ba shi aiki a kamfanin.

Bayan Phil, yayansa F. K. Weyerhaeuser ya riƙe kujerar har 1960, sannan Norton Clapp, jikan gidan Norton. Wannan ya nuna cewa "iyali" a nan yana nufin gungun gidajen da suka haɗa jari a 1900. A 1959 aka cire kalmar katako daga sunan kamfanin domin harkokinsa sun faɗaɗa, a 1963 kuma aka shigar da hannun jarinsa kasuwar hannun jari ta New York. Ƙofa ta buɗe ga baƙo.

6.0 Zamanin Tattaɓa-kunne da Fitar Iyali

George H. Weyerhaeuser, yaron da aka sace, ya hau shugabanci a 1966. A shekarar da ta biyo aka ƙaddamar da shirin noman daji mai yawan amfani: zaɓen iri, renon dashe a lambu, zuba taki, da rage cunkoson bishiyoyi. A 1969 kamfanin ya sayi Dierks Forests, wani kasuwancin iyali mai eka miliyan 1.8 a Arkansas da Oklahoma, inda fayin ke isa sara da wuri fiye da na arewa.

Babbar jarrabawar wannan salo ta zo ranar Lahadi 18 ga Mayun 1980, da dutsen St. Helens ya yi aman wuta. Mutum 57 suka rasu, kuma da ranar aiki ce, da abin ya rutsa da masu sara da yawa. Eka 68,000 na dajin kamfanin suka lalace. Bayan kwashe itacen da ya faɗi, ma'aikata suka bi gangaren dutse da jakar dashe a kugu da shebur a hannu. Toka ba ta ciyar da saiwa, don haka kowane rami sai an tone tokar an kai ga ƙasar asali kafin a sa tsiro. Haka aka dasa tsiro miliyan 18.4, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru kusan bakwai.

Duk da haka masu suka ba su rasa hujja ba. Gonar bishiya iri ɗaya, tsara ɗaya, ba ta maye gurbin tsohon daji mai bishiyoyin da suka haura shekara 500, da tsuntsaye da kifayen da ke rayuwa a inuwarsa. Salon aske daji ƙwal, da fitar da ɗanyen gungume zuwa Japan maimakon tsaga shi a gida, sun jawo ƙorafi. Yajin aikin 1986 ya ƙare da rage albashin ma'aikata. A 1990 kuma gwamnati ta sa mujiyar arewa mai ɗigo-ɗigo cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, abin da ya sauya dokokin sara a yankin.

George ya sauka daga kujerar zartarwa a 1991, John Creighton ya gaje shi, kuma tun daga nan ba a sake samun mai sunan Weyerhaeuser a kanta ba. Ƙwararrun da suka biyo baya sun sayi MacMillan Bloedel ta Kanada a 1999, da Willamette Industries a 2002, sannan suka juya suka sayar da sassan takarda da kwali da gine-gine. A 2010 kamfanin ya koma asusun zuba jari a kadarori, tsarin da doka ta wajabta masa raba aƙalla kashi 90 cikin ɗari na ribar da ake biya wa haraji ga masu hannun jari. A 2016 ya haɗe da Plum Creek, wanda asalin dazuzzukansa su ma daga kyautar filin Northern Pacific suka fito. George ya rasu a 2022 yana da shekara 95.

7.0 Kwatanci da Wasu Gidaje Biyu

Domin kada a ɗauka wannan ita ce hanya ɗaya tilo, ga misali biyu daga yankin. Iyalin Murphy sun jagoranci Pacific Lumber Company a garin Scotia na California tun farkon ƙarni na 20, suna sarar itacen redwood sannu a hankali, ba su da bashin kirki. Amma hannun jarin kamfanin yana kasuwa, kuma darajar dajin ta fi farashin takardun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsakanin 1985 da 1986 kamfanin Maxxam na Charles Hurwitz ya saye shi da kuɗin bashi mai tsadar ruwa, aka ƙara yawan sara sosai domin biyan bashin, kuma a 2007 kamfanin ya bayyana karyewa.

A ɗaya ɓangaren, kasuwancin da Sol Simpson ya kafa a 1890 a yankin Shelton na Washington ya bi ta hannun surukinsa Mark Reed zuwa zuriyar Reed. Ba su kai hannun jarinsu kasuwa ba, kuma dazuzzukansu suna hannun iyali a ƙarƙashin sunan Green Diamond. Sun riƙe iko, amma ba su kai girman Weyerhaeuser ba.

8.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata, abubuwa uku sun fito. Na farko, abin da aka gada a gidan Weyerhaeuser hannun jari ne, shi ya sa mutuwar uba ba ta taɓa jawo yanka daji gunduwa-gunduwa ba. Na biyu, tun 1900 aka raba mallaka da gudanarwa, aka ba ƙwararre amanar aiki, ɗan gida kuma sai ya bi ta matakai kafin ya hau. Na uku, dogon lissafin da iyalin suka yi bai tsaya da ƙafarsa kaɗai ba. Ya jingina da arahar ƙasa, da kariyar gobara, da sassaucin haraji, da gumin ma'aikatan da ba su da ko takarda ɗaya ta jari.

9.0 Kammalawa

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Tarihin wannan gida ya nuna cewa gadon yana da fuska biyu. Takardar jarin da ta hana 'yan'uwa raba daji, ita ce kuma ta ba baƙo damar saye, har aka wayi gari manyan masu jarin kamfanin su ne asusun zuba jari da na fansho, masu duba riba duk wata uku. Frederick ya sare dajin da bai dasa ba, jikansa Phil ya dasa wanda bai sara ba, tattaɓa-kunnensa George ya miƙa ragama ga waɗanda ba jininsa ba. Tambayar da ta rage ga masu nazarin kasuwancin iyali ita ce ko mai jarin da zai iya sayar da takardarsa gobe da safe zai jure jiran bishiyar da ke buƙatar shekara 40. Tsiron da aka dasa cikin tokar St. Helens a shekarun 1980 yanzu yake isa sara, kuma yadda za a yi da filin bayan an sare shi zai ba da wani ɓangare na amsar.